Ranar da Na Hana Rabi Rera Waƙarta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ƙanwata Ummi ta leƙo shagon ɗinkina ba. Ta ce, "Yaya, Rabi mai waƙa ta rasu. Har an kai ta." Na yi salati, na ɗage ƙafa daga kan keke. Sai kunyar da na binne tun bara ta dawo mini sabuwa.

Rabi ce muryar macen da ke cikin albam ɗin Sagiru, wanda duk Daura ta haddace, daga 'yan acaɓa har masu tuyar awara. Sagiru ya iya tsara baiti, ba musu. Amma mu mata mun san abin da muke jira: inda zai yi shiru ita ta karɓa. Bayan rasuwar Innarmu, muryar nan ce ta riƙa taya ni zaman shago.

Sai dai ban san fuskarta ba. A bidiyo wata doguwa ce fara ke motsa baki, ni kuwa na ɗauka ita ce. (Ummi ta sha gaya mini hawa waƙar kawai 'yan fim suke yi, na ce hassada ce ke damunta.)

Bara aka gayyato Sagiru bikin 'yar kawunmu a garin Babban Mutum. Kafin ya fara, aka saki waƙarsu a lasifika. Kusa da ni wata gajeriyar mata ce cikin hijabi ruwan toka, da jaririya a cinya, tana bin waƙar ƙasa-ƙasa. Na daure, na kasa.

"Baiwar Allah, bar wa masu ita mana. Kina hana mu jin Rabi."

Ta yi murmushi. "Yi haƙuri, Hajiya. Kin san ta ne?"

Maimakon in kama bakina, sai na gyara zama. Na ba ta labarin tsayin Rabi da hasken fatarta, har na ce mun taɓa gaisawa a Kano. (Allah Ya yafe mini, ko tashar Kano ban sani ba.) Ta ce, "Ikon Allah."

Can Sagiru ya karɓi abin magana. "Ina Rabi? Taso mana!"

Matar ta miƙo mini jaririyar. "Riƙe mini, Hajiya."

Da ta buɗe baki, sai ga muryar nan da na sani. Ni kuwa na ja gyale na rufe fuska, hawaye da kunya suka haɗu.

Da ta dawo ta karɓi 'yarta, ta ce, "Na gode. In kin koma Kano ki gaishe mini da doguwar."

Tun ranar, ko mai muryar gwangwani na ji yana waƙa, ba na tanka masa.

Na yanka wa yarinyar 'yar riga, da niyyar in kai da kaina, in nemi gafara, in gaya wa Rabi abin da muryarta ta yi mini bayan Inna. Kullum sai in ce bayan Salla. Rigar tana nan, ban ɗinka hannuwan ba.