Ranar da Surukata Ta Karɓi Gaisuwar Mutuwarta

Jiya wuni na yi ina tuƙa wa masu zaman makoki nsima, wato tuwon masararmu, alhali mamaciyar tana zaune a tsakiyarsu a kan tabarma, tana ƙorafin cewa miyar ta yi gishiri. Kafin ku tura wa dangi cewa matattu sun fara tashi a unguwarmu, ku yi haƙuri ku karanta har ƙasa, don na lura yanzu layin farko kawai ake karantawa, sai a shiga faɗa.

Gidanmu yana bakin titin da ya gangaro daga tudu ya nufi birnin Blantyre. Makarantar 'yata Tadala tana tsallake, ƙofa na kallon ƙofa, idan malamarsu ta yi atishawa ina ji daga madafi. Amma kullum da safe sai na riƙe hannun yarinyar nan na yi ta tsayuwa kamar mai jiran albashi, saboda motocin haya suna gangarowa ne kamar an biyo su da bulala.

Mai Girma Sarkin Aza Harsashi, Allah ya ƙara masa lafiyar yanke ƙyalle, ya yi mana alkawarin tudun rage gudu tun ina da cikin Tadala. Ya zo da kansa, aka yi rawa, aka raba zannuwa masu hotonsa. Da zanin na goyi Tadala har ya koɗe, yanzu da shi nake sauke tukunya. Tudu dai yana hanya. Amma kada in ci haƙƙin manya: lokacin da man fetur ya ɓace, duk motocin ƙasar suka koma layi a gidajen mai, titinmu ya zauna lafiya har awaki na barci a tsakiyarsa. Ba a taɓa yi mana aikin kiyaye haɗari irin wannan ba, kuma ban ji wanda ya gode musu ba. To ni na gode.

Sai mai ya dawo. Makon jiya wata bas ta zo wucewa, na fizgo Tadala baya, kwanon abincinta ya suɓuce, taya ta bi ta kansa. Ita rogonta take yi wa kuka. Ni kuwa sai da na zauna a bakin kwata. Da na dawo hayyacina na ɗauki hoton kwanon da ya koma faifai, na saka a zauren WhatsApp na unguwa, na rubuta cewa don Allah a taimaka a tuna wa manya maganar tudun nan.

Wannan zaure Malam Kamwendo ne ya buɗe shi, tsohon malamin makaranta, shekarun baya. A lokacin mu kaɗan ne, kowa da sunansa da fuskarsa. An samu ruwa a famfo, akuyar wane ta ɓata, wance ta haihu, shi ke nan. Idan gardama ta tashi a kan ƙwallo ko kuɗin taki, mutum yakan auna bakinsa, don ya san gobe da wanda ya zaga za su zauna benci ɗaya a coci, kuma uwarsa za ta ji. Har haƙuri ake ba juna. Yanzu zauren ya cika ya batse, rabin mutanen ban san su ba. Wannan hoton zaki, wancan hoton mota, wani gaggafa. Akwai mai suna Zakin Gaskiya, wanda nake kyautata zaton shi ne yaron nan mai sayar da katin waya da ke rusunawa idan ya gaishe ni.

Amsa ta farko hannuwan addu'a ce. Ta biyu daga Zakin Gaskiya, yana tambayar ina bakina yake lokacin mulkin waɗancan. Wani ya ce iyayen zamani ne ba sa ɗaga kai daga waya. Wata ta tambayi inda na sayi kwanon. Yamikani, ɗan ƙanen mijina da ya tafi Johannesburg tun kafin a zuba wa titin kwalta, ya turo saƙon murya da ya fi wa'azin Lahadi tsawo, yana bayanin yadda ake tsallaka titi a can. A tsakiyar haka wani ya tallata maganin rage tumbi. Kafin la'asar an rabu gida biyu, Malam Kamwendo ya kori mutum biyu, su kuma suka buɗe sabon zaure suka jefa ni ciki ba sallama.

Washegari yaran Mai Girma, waɗanda ake saya wa data don su riƙa tafi da yatsa, suka saki hoto. Titinmu ne wai, ga tudu an yi masa fenti, ga furanni, ga yara suna tsallakawa suna murmushi. Ɗaya daga cikin yaran yatsunsa shida, a bayansu kuma akwai dutse mai ƙanƙara. Na fita da waya a hannu na tsaya a ƙofar gida, in dubi hoto in dubi titi. Na rubuta tambaya ɗaya, wane titi ne wannan. Aka ce ni maƙiyiyar ci gaba ce, aka kuma tambayi nawa aka biya ni.

Mijina Limbani, mai gyaran firji, yana cikin masu karanta komai ba su rubuta komai. Ya ce, "Maman Tadala, ki ajiye wayar nan. Tun da ake gardama a ciki kin taɓa ganin wanda ya ce an fi shi gaskiya?"

Ranar Asabar aka yi rasuwa a ƙasan layinmu, aka shimfiɗa ɗanyun rassan itace a kan titi kamar yadda aka saba a nan, alamar gidan makoki. Na tsaya ina kallo. Direban da ko kaza ba ya taka wa birki ya rage gudu, ya kashe kiɗa. Masu keken haya suka sauka suna turawa. Maza suka cire hula. Ba wanda ya tambayi ganyen jam'iyyarsa, ba wanda ya ce ina yake lokacin mulkin waɗancan.

Jiya da safe na ɗauki adda na nufi bishiyar mangwaron gidanmu. Na shimfiɗa rassa ta sama da ta ƙasa, niyyata da an kaɗa ƙararrawar shiga aji in kwashe abina. Jama'a, da kun ga titin nan. Motoci suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Tadala ta tsallaka tana 'yar tsalle, ƙawayenta na biye, ba wanda ya riƙe hannun wani. Na koma ciki ina share ido, ƙaninta ya farka yana neman nono, kunu yana neman ƙonewa, rassa suka fita a raina. Wayata kuma a mace take, albarkacin wasu manyan da ke hutar da mu daga wutar lantarki.

Abin da ya faru a zaure daga baya na karanta. Wani fasinja ya ɗauki hoton rassan ya tambayi me ya faru a gidan Limbani. Wata ta ce da sassafe ta hango surukata, Kaka Nambewe, a bakin titi. Wani ya ce ai ga abin da ake gudu, mota ta kaɗe ta. Kafin a soya ƙwai an fitar da hoton Kaka da fukafukai da kyandir. Zakin Gaskiya ya ce masu mulkin yanzu ne suka kashe ta, aka ce masa ai na da ne suka yi titin. Yamikani ya turo kuka daga Johannesburg. Maƙwabciyata Esinati, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta rubuta cewa jikinta ya mutu, ba za ta iya shigowa ba tukuna. Da ta ɗan leƙo ta saman katangar da ta ga marigayiya a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa.

Waɗanda suka fara tako ƙafa matan zumuntar coci ne, da garin masara a ka, da itacen girki, suna rera waƙar makoki a hankali. Suka shigo, waƙar ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta ɗago kai, ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta tambaye su wa ya rasu.

Shugabarsu, Mama Naphiri, ta sauke garin a hankali ta ce, "Wai ke ce, Kaka."

Ba a gama wannan ba Limbani ya faɗo gidan, takalmi ƙafa ɗaya, daga wajen aiki. Ya durƙusa ya rungume tsohuwar yana kuka. Nan dariyar da ta fara taso min ta koma. Na faɗi abin da na yi a gaban kowa, da dalilina. Kaka ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ta san zafin da ya sa ni, ita ma ta ga kwanon.

"Amma 'yata, ganyen nan shi kaɗai ya rage da ake gani a yarda ba musu. Idan kika koya wa direbobi cewa yana ƙarya, ranar da na tafi da gaske da kiɗa za su wuce ta kaina."

Ta ci ni tarar kaza, da ciyar da duk wanda ya zo. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Ina cikin fige kazar muka ji jiniya. Mai Girma ne, wanda na yi ta zarya ofishinsa ana ce min yana taro, ga shi a ƙofar gidana cikin baƙar kwat da baƙin tabarau. A bayansa Mai Taimaka Masa Kan Harkokin Riƙe Lema, da mai ɗauke da buhun sukari, da mai waya yana watsa komai kai tsaye. Ashe ba ofis ake neman manya ba, gidan makoki ake jiransu. Tun daga waje ya fara jawabi. Ya ce marigayiya uwa ce a gare shi, ba ya wucewa bai gaishe ta ba, kuma tudun da za a gina sunanta za a sa masa.

Kaka ta fito tana dogara sanda. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi sunansa, ta ce ta gode da sukari.

"Tunda Allah ya sa ina nan, ɗana, sai a gina in gani da idona."

Mai riƙe lema ya ja da baya har ya taka mai sukari. Mai Girma kuwa, a ba shi haƙƙinsa, murmushinsa bai motsa ba. Kaka ta sa Limbani ya kwashe rassan tas. Daidai lokacin aka tashi yara. Ta nuna masa Tadala a ƙofar makaranta ta ce tunda ita uwa ce a gare shi, waccan 'yarsa ce, ya taimaka ya tsallako da ita. Ni dai na ɗaga murya na ce wa malamar ta riƙe min yarinya gam, kada ta sake ta ko wa ya zo.

Mai Girma ya gyara kwat ya sa ƙafa a kwalta. Bas ta taho, ya janye. Ya sake sawa, tirela ta taho, iskarta ta tafi da lemar. Ya ɗaga hannu irin na manya, wani yaron mota ya leƙo ya tambaye shi ko Limbe za shi. Duk wannan waya na ɗauka. Da abin ya ƙi ƙarewa, direbansa ya tayar da motar, ya gicciye titin da jiniya, aka sa Tadala a baya aka tsallako da ita. Ta sauko tana ce min cikin motar sanyi kamar firjin da babanta ke gyarawa, kuma gobe ma a zo.

Da wuta ta dawo na kunna waya. Yaran data sun yanke bidiyon, sun ce zuwan Mai Girma ne ya tayar da tsohuwa. Su Zakin Gaskiya sun ce tsohuwar haya ce, an ma taɓa ganinta a wani taron. Yamikani yana neman a mayar masa da kukansa. Esinati ta goge saƙonta ta shigo cin kaza. A cikin saƙonnin nan duka ban ga kalmar tudu ba ko sau ɗaya. Kaka kuma ta sa na karanta mata yabon da aka yi mata, tana tsayar da ni tana cewa wannan rabonsa da gaishe ta tun bikin Limbani. Abin da ya fi ɓata mata rai hoton da aka zaɓa, wai ɗankwalin ba na fita ba ne.

Yau da safe tifa ta zo ta juye tsakuwa a gaban makarantar, ta cinye rabin titi. An kafa allo da ya fi tulin tsakuwar girma, da hoton Mai Girma yana nuna sama. Ma'aikaci ko ɗaya ban gani ba, kuma a yadda na san aikin manya, ƙanin Tadala zai yi wayo ya tarar da tsakuwar nan. Amma dole kowace mota ta taka birki ta jira ta gaba kafin ta kewaye. Na tsallaka da Tadala cikin natsuwa, har na tsaya a tsakiya na gyara mata igiyar takalmi.

Saboda haka ina roƙon 'yan zaure, na tsohon da na sabon, masu hoton zaki da masu hoton gaggafa, ku ci gaba da faɗanku a kan ko Kaka ta haya ce. Kada dai wani ya tambayi yaushe za a fara aiki. Manya suna karantawa, kuma ina tsoron ransu ya ɓaci su aiko a kwashe mana tsakuwarmu.