Takardar da Na Rubuta a Gajimare

Ni na koya wa malaman makarantarmu ta Gurugu ajiye aiki a intanet, a abin da ake kira gajimare, har ina yi wa masu nawa tsaki. Ranar da zaman wurin ya ishe ni, na hau rubuta takardar neman aiki a wata makarantar Sagnarigu. Na manta jakar da na ajiye ta a gajimaren ta kowa ce.

Ina cikin rubuta cewa nan ba a san darajata ba, sai na ga haruffa suna motsi da kansu. Hedimasta ne daga ofishinsa yake gyara mini kurakurai. Har ya ƙara a ƙasa: "Ticha, ka manta kwanan wata."

Shekara ta zagayo, amma gaisuwar malamai kullum ɗaya ce: "Ticha, ashe ba ka tafi ba?"