Yadda Za Ka Sauke Sukarin Mahaifiyarka da Ganyen Sitibiya

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan likita ya ce ba za a yi wa mahaifiyarka aikin yanar ido ba sai sukarin jininta ya sauka, kuma kai ne ka ɗora wa kanka haɗa mata shayi, to ka zo inda ya dace. Ni tela ne, amma kada wannan ya dame ka. Matakan nan duk na bi su a kan tawa mahaifiyar, Inna, wadda idanunta suka rufe har ta kai sai an riƙe mata hannu take zagayawa banɗaki. Ina ba ka tabbacin za ka ga sakamako. Wane iri ne, sai ka kai ƙarshe.

1. Zama masani kafin a tashi daga shago

Jingina wayarka a jikin keken ɗinki, ka kunna bidiyon wani mai farar riga yana bayanin sitibiya. Wani ganye ne mai ɗan karen zaƙi da ake tacewa a mayar gari, a sha maimakon sukari. Ba sai ka kalla har ƙarshe ba, don a can ake jera gargaɗi, gargaɗi kuwa na masu tsoro ne. Ni ina cikin kallo na ɗinke wa wani bawan Allah ƙafar wando ruf, amma ilimi ai ba ya samuwa a banza.

Da ka koma gida ka tara iyali, ka yi gyaran murya ka ce, "Daga yau a gidan nan sai zaƙin da Allah Ya halitta." Matata tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To, sannu Likita." Sunan ya bi ni, ni kuma na ɗauka yabo ne.

2. Sayi na kantin magani, sannan ka raina shi

Za su ba ka ɗan kwali a rufe, da adireshin kamfani, da ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki, da yadda ake sha. Kada ka karanta. Ƙaramin rubutu ɓata ido yake, gidan kuma mai ciwon ido ɗaya ya ishe shi.

Ni cokali na cika na juye, na ƙara, yadda na saba da sukari. Inna ta kurɓa, ta laluba ta ajiye kofin.

"Auta, maganin zazzaɓi ka jiƙa mini?"

Daga baya matata ta karanta mini cewa ɗan abin da bakin cokali ya ɗauko ake sawa, in ya yi yawa ɗaci yake. Idan haka ta faru da kai, ka ce kamfanin ne ba su iya ba, ka tura kwalin can bayan kwanuka.

3. Riƙe kalmar "na halitta" da hannu biyu

Wannan kalma ita ce jarinka. Nas ta ce zuma ma tana ɗaga sukari? Ka ce ƙudan zuma ba su da injin yin algus. Ta ce a rage dabino? Ka ce a bishiya ya fito. In matarka ta tuna maka cewa rake ma shuka shi ake yi, kuma daga jikinsa ake yin sukari, ka duba agogo ka ce wani yana jiran ɗinkinsa.

4. Jira mai jaka

Kowane layin shaguna yana da nasa. Namu yakan shigo da baƙar jaka mai ɗauke da cajar waya, man zafi, maganin ɓera da tabarau. Ranar ya ture tarkacen yadi daga kan tebur, ya dire wata roba mai hoton koren ganye, cike da gari fari fat.

"Maigida, asalin sitibiya ke nan. Ba ɗaci, ba illa."

Na juya robar gaba da baya. "Ina sunan kamfanin?"

"Kamfani? Ai kamfani shi ke ɓata abu."

"Ranar lalacewa fa?"

"Haba maigida, abin Allah yana lalacewa ne?"

Wallahi amsoshin nan sun kwanta mini. Na dangwala na lasa: zaƙin sukari sak. A ruwa yana narkewa kamar sukari, ma'auninsa ma na sukari, ga arha. Na ce kai, duniya ta ci gaba! Ka sayi babbar roba, don irin wannan mai jakar ba ya dawowa layi ɗaya da kaya iri ɗaya.

A gida Inna ta shanye kofin tas, ta lashe baki ta ce, "Yauwa Auta, Allah Ya yi maka albarka. Kuma ka ce wannan ba ya cutarwa?"

"Ko kaɗan, Inna. Ki sha safe da yamma."

Na ji daɗi ƙwarai, har cikin raina. Rabon da ta shi mini albarka a kan wani abu ban da ɗinki, na manta.

5. Kada ka saurari kiyashi

Ba da jimawa ba za ka tarar da kiyashi sun yi layi daga bakin taga, sun bi ta bayan randar ruwa, sun tsallake kwalin kantin magani ko kallonsa ba su yi ba, sun yi wa robarka zobe. Matarka za ta kira ka ta nuna maka.

"Likita, zo ka ga marasa lafiyarka."

Ka ce su ma sun gane abu mai kyau. Tawa ba ta tsaya nan ba. Ta ɗebi garin a cokali ta ɗora a wuta, ya narke ya yi ja, ɗakin girki ya ɗauki ƙamshin alewa.

"Baban yara, wannan sukari ne aka niƙa. Don Allah ka daina ba ta."

A nan ake gane namiji. Ka ɗaure fuska ka tambaye ta bidiyo nawa ta kalla. Ka tuna mata uwar wa ake magana a kai. Ni na faɗi wannan ɗin, ta dube ni, ta wanke cokalinta ta fita.

6. Nisanta na'urar gwaji

Akwai 'yar na'urar da ake tsira yatsa a ɗiga jini, ta nuna inda sukari ya kai. Idan 'yan takardun da ake ɗiga jinin a kai suka ƙare, ka ce gobe za ka sayo. Gobe ma ka ce gobe. Tsira wa tsohuwa yatsa kullum rashin tausayi ne, kuma mutumin da ya yarda da aikinsa ba ya buƙatar shaida.

7. Sa sabuwar riga ranar asibiti

Ni na ɗinka wa Inna tata, na yi wa kaina. Ni da matata muka kai ta, tun a mota take lissafin abin da za ta fara kallo in an buɗe mata ido: jikokinta, sai gadonta da take zargin ba a gyara mata daidai, sai ni, ta ga ko na yi furfura.

Nas ta tsira yatsa, ta dubi na'ura, ta goge ta sake. Sai ta ajiye ta a tebur da ƙarfi.

"Ya fi na wancan zuwan. Ba aiki yau, sai an sake ba ku rana, layin kuwa dogo ne. Wa ke kula da abin da take ci?"

Matata ta sunkuyar da kai. Ni kuwa Likita guda, na hau gyara wuyan sabuwar rigata. Inna ba ta gani, amma shirun nan ta ji shi sarai.

"Ni ce, 'yar nan," in ji ta. "In sun fita nake laluben gwangwanin sukari. Yaron nan ba ya wasa da lafiyata."

Gidanmu ko ƙwayar sukari babu, sai wanda ke cikin robata. Nas ta yi mata faɗa sosai, irin wanda ake yi wa yara, mutanen da ke kan benci suna ji. Inna tana ta "To, na daina, a yi haƙuri." Sannan nas ta juyo gare ni ta ce, "Malam, kai ne mai hankali, ka riƙa sa mata ido."

Abin da za ka yi a nan ba wuya. Ka gyaɗa kai. Ni ma shi na yi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Ba ruwan ganyen sitibiya, don bai taɓa shiga robar ba balle a tuhume shi. Ba ruwan mai jaka, an ce yanzu takalma yake sayarwa a wani layin. Ni kuwa kada wanda ya zo shagona da ƙorafi, tela ne ni, ban taɓa cewa na yi karatun likita ba. In ma mai laifi ake nema, ai an samu. Inna ta amsa da bakinta a gaban shaidu, sannan ta miƙo hannu tana laluben nawa, ta ce, "Auta, riƙe ni, mu je gida."