Ganye a Rigar Yayana

A shekarun tsuke bakin aljihu na mulkin farar hula, ina koyar da zane a wata firamare kusa da Dingyaɗi. Ranar da mai duba makarantu zai zo daga Boɗinga, na ari babbar rigar Sallar yayana, na shiga aji ina taku kamar ni na gina makarantar.

Darasin mai sauƙi ne: siffar da in aka ninke ta, rabi zai hau kan rabi daidai. Takarda ɗaya ta rage mana, teburina kuwa ya karye tun bara. Sai na zauna, na ninke takardar a cinyata, na fara yanka rabin ganye, idona na kan baƙo don ya san gwani ba ya buƙatar duban hannunsa. Na ji almakashin ya yi nauyi, na ce tsatsa ce, na ƙara ƙarfi.

Da na miƙe na buɗe takardar, ba wanda ya dube ta. Ashe na haɗa da ninkin rigar. Ga ɓula mai siffar ganye a gabana, gwiwata tana leƙowa.

Baƙon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Malam, wanga ganye ya yi daidai, hagu da dama. Yara sun gane."

Yayana bai yi mini magana ba sai da aka yanke gero. Ɗalibaina kuwa yau sun yi furfura, amma duk wanda ya gan ni da sabuwar riga a kasuwa sai ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya tambaya, "Malam, wagga ba a yi mata darasi ba tukuna?"