Yaƙin Bakin Kwalbati

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Malam Barau ɗan Tanimu Masinja, ɗan Gagare Mai Shela, ɗan Makau wanda aka ce idan ya ƙwala kira a kasuwar Funtuwa sai an amsa masa daga Bakori. Zuriyar da tun kaka da kakanni ba ta san wata sana'a ba illa ɗaukar magana daga bakin mai ita zuwa kunnen mai ita. Shi ne Barau Sarkin Tarho, Garkuwan Ofis, Madakin Rijista, sakataren Makarantar Hasken Safiya, namijin da bai taɓa barin waya ta yi ƙara uku ba matuƙar yana kan kujerarsa.

Amma ba'adu. A zamanin da wayar salula ba ta shiga aljihun kowa ba, wannan sadauki ya shekara goma sha tara a ɗaure, kuma abin da ya ɗaure shi wata baƙar igiya ce murɗaɗɗiya mai tsawon kamu uku, wadda ta haɗa kan tarho da gindinsa. Yana magana yana rubutu, kan waya a matse tsakanin kunne da kafaɗa, har wuyansa ya karkace hagu, har ɗalibai suka ɗauka tausayinsu yake ji. Babban baƙin cikinsa kuwa yana wajen ƙofar makaranta, a gindin darbejiya, inda Iya Tabawa take sauke tukunyar ɗanwake da ƙarfe goma sha biyu, ta kuma kankare ta kafin a kira azahar. Sau biyu rak jarumin ya taɓa kai hari gindin bishiyar nan, kuma duka biyun a daidai lokacin Ma'aikatar Ilimi ta bugo don ta faɗi ranar zuwan masu duba makarantu, tarho ya yi ta kuka a ofis babu mai rarrashi.

Shugabar makarantar, Malama Saudatu, ta tsaya a kansa ta ce, "Malam Barau, sau biyu ke nan. Idan Ma'aikata ta sake kira ba ka nan, wallahi sito za ka koma, ka zauna da alli da tsintsiya."

Sito! Shi da ake gaishe shi da sakatare har a masallacin Juma'a! Ranar ko shayi bai iya sha ba.

Sai Allah Ya kawo buɗi ta hannun yayan Malama, wanda ya dawo daga Jidda da wani kwali. A ciki akwai sabuwar uwar waya da aka girke a kan tebur aka jona da layin ofis, da 'yarta marar igiya, da kuma wani ɗan abu da ake maƙalawa a kunne, mai siririn hannu da ke zuwa gefen baki. Malama ta nuna masa maɓallin da zai danna idan kira ya shigo, ta ce takardar kwalin ta ce abin yana kaiwa kimanin taku ɗari daga uwar wayar. Malam Barau ya maƙala, ya ɗaga hannuwansa biyu ya dube su kamar yau aka ba shi su, ya ce a hankali, "Allahu Akbar. Na 'yantu."

Ranar Laraba, rana ta take tsaka, gwarzon ya ɗaura ɗamara. Ya gyara abin kunne, ya yafa hirami a ka saboda zafi, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya ƙetare dokin ƙofa yana ƙirga taku kamar mai auna iyakar daula. A taku ashirin ya ci baranda da yaƙi. A taku hamsin filin taron safe ya miƙa wuya ba tare da an zubar da jini ba. A taku tamanin da biyar ya wuce Baba Jatau mai gadi, tsohon soja, wanda yake gyangyaɗi a benci. A taku casa'in ya tsallake kwalbatin bakin ƙofa, a taku ɗari zuciyarsa ta ce tsaya nan, hancinsa ya ce ci gaba, kuma hancin ne ya yi rinjaye. Da taku ɗari da goma sha biyu ya sauka a gindin darbejiya, ƙasar da babu wani sakatare da ya taɓa takawa alhali yana bakin aiki.

Iya Tabawa ta zuba masa ɗanwake yana tururi, ta malala man gyaɗa, ta barbaɗa yaji, ta yanka ƙwai. Ya karɓi kwano da dama, ya karɓi kofin zoɓo da hagu. A wannan sa'a, wadda marubuta tarihi ba za su manta da ita ba, tarho ya yi ƙara a cikin kunnensa.

Ƙara ɗaya. Ya duba ƙasa, kaji sun yi sahu suna jiran ganima. Ƙara biyu. Ya duba Iya, ta riga ta juya ga wani mai saye. Sai tsohuwar kafaɗar nan ta hagu, wadda ta ga yaƙe-yaƙe, ta ɗaga da kanta ta danne maɓalli.

"Salamu alaikum, Makarantar Hasken Safiya!"

Daga can nesa, cikin ƙara irin ta ana soya ƙosai, muryar wata mace ta ɓullo gutsi-gutsi: "...mota... ta iso... ƙarfe..."

Malam Barau ya yi saurin lissafi. Mace, mota, ƙarfe: wannan Hajiya Darakta ta Ma'aikatar Ilimi ce da kanta take faɗin lokacin isowar motar masu duba makarantu, shi kuwa ga shi a bayan iyaka! Nan take ya yi ja da baya irin na gwanayen yaƙi, hannuwa a shimfiɗe, zoɓo yana tangaɗi, har ya haye kan kwalbati, inda ya tarar idan ya tsaya da ƙafa ɗaya ya juya kunne wajen tagar ofis muryar takan ɗan fito.

"Ranki ya daɗe! Ina ji! Allah Ya ƙara girma! A maimaita, ranki ya daɗe!"

Wannan ihu ne ya tashi Baba Jatau. Ya buɗe ido ya ga sakatare a kan kwalbati, kai a lulluɓe, ƙafa ɗaya a sama, yana rusunawa yana gaida iska.

"A'uzu billahi! Jama'a, sun kama Malam!"

Tsohon sojan ya yi kukan kura ya rungume shi ta ƙugu, yana tofa duk abin da ya haddace. Iya Tabawa ta taho da ludayi a hannu tana kiran a kawo garwashi da turare. Ɗalibai suka cika tagogi. Aka yi gumurzun da ba a taɓa ganin irinsa ba tsakanin ƙofar makaranta da bakin titi: Jatau yana ja ƙasa, Barau yana miƙewa sama, kwano yana shawagi a bisa kawunan mutane kamar tuta, kuma shaidu sun tabbatar ko ɗanwake ɗaya bai faɗi ba.

"Sake ni, Baba! Darakta ce!"

"Darakta? Sunan ta kanka ke nan? Iya, ƙara turare, wannan 'yar boko ce!"

"Ba da ke nake ba, ranki ya daɗe! Baba, za ka kai ni sito!"

Hayaniyar ta fito da Malama Saudatu. Ta ratsa taron, ta miƙa hannu ta yaye hiramin, abin kunne ya bayyana yana ƙifta 'yar jar fitilarsa. Baba Jatau ya saki ƙugu a hankali. Wuri ya yi tsit, kuma cikin ikon Allah layin ma ya washe tas, muryar ta fito kamar tana tsaye a gefensa. Muryar tsohuwa ce.

"Ɗan nan, tun ɗazu nake tambaya kana ta yi mini kirari. Motar Gusau ta iso? Ƙarfe nawa za ta tashi?"

Sadaukin ya sauke ƙafarsa. Ya ce, "Iya, nan makaranta ce, ba tasha ba."

"To, me ya sa ka ɗauka?"

Malama Saudatu, wadda ba ta jin abin da ake faɗa masa, ta matso da biro da takarda. "Yaushe za su zo?"

Ya ce da ƙaramar murya, "Motar Gusau ake tambaya."

Malama ta yi dariya har ta zauna a bencin mai gadi tana share hawaye da gefen mayafi, kuma a nan take ta janye maganar sito, tunda ko ba komai an ɗauka kafin ƙara uku. Malam Barau ya ci ɗanwakensa a tsaye a kan kwalbatin, ɗanwaken ya riga ya huce, amma ya rantse bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Tsohuwar ta sake bugowa sau huɗu kafin la'asar. A na huɗun Baba Jatau, don neman gafara, ya hau kekensa ya je tasha ya dawo da tabbacin cewa motar Gusau ta tashi tun hantsi. Da Malam Barau ya sanar da ita cikin ladabi, sai ta ce ba komai, dama ba tafiya za ta yi ba, so take ta ji ko wayar da ɗanta ya sa mata tana aiki.