Gorar Nasiru

A ɗakinmu na hostel babu mai ƙwaƙwalwar Nasiru, karatu ɗaya yake yi abu ya zauna masa. Ni kuwa na gano sirrin: wata baƙar gora da mahaifiyarsa ta aiko masa daga Dutse Alhaji. Rubutun sha ne, ko tantama ban yi ba. Ranar jarrabawa na faki idonsa na kwankwaɗi rabi, na shiga aji ina tausayin sauran ɗalibai.

Ina kan tambaya ta biyu cikina ya murɗa. Har malamin da ke tsaronmu ya gaji da raka ni bayi.

Da na koma ɗaki na faɗa wa Nasiru abin da na yi, bai yi dariya ba. "Oga, maganin wankin ciki ne," ya ce, sannan ya zauna ya koya mini darasin gobe.

Sauran 'yan ɗakin kuwa, don tsokana har yau ƙannensu suke turo mini karɓar rubutu.