Rasuwar Tsohuwa, Rikodar Gidan Rijiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan teburinmu da duk wanda ya taɓa zama a kansa rasuwar rikodarmu mai cin kaset, wadda muke kira Tsohuwa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe biyar saura na yamma, a kan teburin cin abinci na gidana, tana tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, shekara goma sha ɗaya ta yi tana hidima a wasan labarin da muke yi duk mako. Mutum ɗaya ke zama bayan shingen kwali yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Yayana ne ya kawo mana wasan. Shi ya ƙirƙiro labarin Gidan Rijiya, wani kango mai rijiya da ɗaki talatin da ba a fita daga cikinsa yadda aka shiga, shi kuma ya ɗauki sautukan gidan a kaset. Kukan ƙofa, ƙiiii, na ƙofar kicin ɗinsa ne da ya hana a sa wa mai. Ɗis, ɗis, famfo ne ke ɗiga a bokiti. Duk mun san haka. Amma Tsohuwa na sakinsu sai ka ga ɗan wasanmu Direba, ƙato guda, ya naɗe ƙafafu a kan kujera.

An shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa musu a kan dokar wasa ba, ba ta taɓa rufe ɗan lido da tafin hannu ta ce shida ce ba. Sau biyu ana ɓarar mata da shayi, ta shanye ta yi shiru.

Shekara huɗu ke nan da Yaya ya rasu, 'yan wasa suna ɗaki na goma sha tara. Ya bar min kujerarsa da littafinsa da wani kaset da ya rubuta wa: “Ɗaki na talatin. Kada a saurara sai sun buɗe ƙofa.” Na riƙe amanar. Na ja labarin a hankali, ina ƙara lunguna da matakalar da babu su a littafi, don ban so mu iso ba.

Ciwon ajalin Tsohuwa ya faro ne bara. Muryarta ta fara ja, ƙofa ta koma kuka kamar saniya. Mai gyara ya duba ta ya ce, “Maigida, wannan ta ci zamaninta, lallaɓawa kawai.” 'Yar wasanmu Akawu, wadda ta fi mu hangen nesa, ta ce, “Don Allah ka juye kaset ɗin nan a waya tun ba a yi da-na-sani ba.” Na ƙi, domin juyewa sai an saurara. Wannan laifina ne, kada a ɗora wa marigayiya.

Ranar Asabar suka iso ƙofar. Tela ta jefa ɗan lido, ya ba ta shida, makulli ya buɗe. Na sa kaset ɗin, na danna. Sai ga gyaran muryar Yaya, wadda rabonmu da ita shekara huɗu. Ya ce, “To, sannunku da zuwa. Na san za ku iso. Abin da ke cikin rijiyar nan...” Sai ƙurrr, sai ƙas. Kafin in zare wayar wuta, Tsohuwa ta tauna zaren kaset ɗin, ta tsinke shi gida uku, ƙaurin ƙuna ya tashi. Direba ya juya fuskarsa bango. Mai gyara ya yi iyakar ƙoƙarinsa kwana biyu, bai ceto ko kalma ba.

Ta rasu ta bar kaset tara, batir huɗu da suka zubar da ruwa, biron da muke juya kaset da shi, da 'yan wasa huɗu da har yanzu jarumansu na tsaye a bakin ƙofa.

Za a yi jana'izarta Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma, a gidana. Za a naɗe ta a tsohuwar rigar sanyin Yaya, a sa ta a kwalin takalmi, a kai ta makwancinta saman kabad. Daga nan a koma tebur, kowa ya zo da takardar jaruminsa.

Ba ni zan zauna bayan shinge ba. Jiya matar Yaya, wadda ba ta taɓa yin wasan nan da mu ba, ta kira ni ta ce, “Ƙanina, ni na riƙe masa rikodar nan ranar da ya ɗauki muryar. Sau bakwai yana sakewa, dariya na hana shi. Ban riƙe duka ba, amma na san abin da ke cikin rijiyar.” Ita za ta ja mu zuwa ƙarshe. Ta roƙi a yi mata haƙuri in ta tsaya a tsakiya, kuma a ajiye mata ruwa kusa.